Kawu da Gadon Sarakunan Muiska

Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu. Ya rasu da hantsi a ɗakinsa da ke kusa da zaure, nan Agege a Legas, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar.

Na zauna zaman makoki da yawa a unguwar nan, amma ban taɓa ganin irin nasa ba. Mutum zai shigo ya durƙusa, a ɗaga hannu a yi addu'a, ya ce Allah ya ba mu haƙuri, sai ka ga idonsa ya wuce mu ya bi tsakar gida har ɗakin ƙarshe, wanda ke rufe. Babu mai tambaya. Masu shagunan bakin layin dogo sun rufe tun rana na sama. 'Yan okada sun shigar da babura cikin gidaje. Wata maƙwabciyarmu ta ɗora 'ya'yanta a motar haya ta danfo ta tura su wurin ƙanwarta a Alaba Rago, ta ce sai an ga abin da hali ya yi.

Abokin Kawu na ƙuruciya, tsohon da ke sayar da goro a bakin masallaci, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Tela," ya ce, don ɗinki ne sana'ata, da shi kuma ake kirana, "mutuwa gaskiya ce, ba a yi mata musu. Amma da ta ɗan jira."

Iya mai burodi, Bayarabiyar da ta tsufa tana kasa kayanta a jikin katangar gidan, ta zauna a ƙasa dirshan tana kuka. Hausa take ji kamar mu.

"Baba ya tafi," take cewa. "To wa zai riƙe hannun mutumin nan? Ku gaya mini, wa zai riƙe?"

Ita kaɗai ta faɗi abin da ke cikin kowa.

Mutumin da ke ɗakin ƙarshe direban babbar mota ne, dattijo mai furfura a gemu, ya ɗauko albasa daga arewa zai kai kasuwar Mile 12. Birki ya ƙwace masa a gangare kusa da garejin danfo, ya bi ta kan wani kwandasta, saurayin ya cika nan take. Direban ya diro ya ruga, bai tsaya ko'ina ba sai gidan Kawu, don duk direban da ke bin hanyar nan ya san ƙofar.

Kawu mai masauki ne, kamar yadda mahaifinsa ya kasance tun zamanin da fataken goro ke cika Agege. Baƙo ya sauka, ya ajiye kaya, ya ci ya sha. Amma abin da aka fi saninsa da shi daban ne. In baƙo ya jawo fitina, Kawu ba ya ɓoye shi, ba ya kuma miƙa shi ga taro. Yakan bari zukata su ɗan huce, ya aika wa waɗanda aka yi wa ɓarna cewa yana tafe, sannan ya kama hannun mai laifin da rana tsaka, su taka da ƙafa su biyu rak, su ratsa ta tsakiyar mutanen, su fara zuwa gidan da aka yi wa ɓarnar su durƙusa, daga nan ya kai shi ofishin 'yan sanda.

Wanda bai san Legas ba zai ce me ya hana a kira 'yan sanda su zo da mota su ɗauke shi. Mun ga yadda hakan ke ƙarewa. Mota ta fita da mutum, fushin ya zauna a unguwa, ya sauka a kan ɗan dako ko mai shayin da bai san hawa ba bai san sauka ba. In kuwa aka sulale da shi arewa, abin ya fi haka muni. Sai sun ga fuskarsa, sun ga ya durƙusa, sun ga wanda ya tsaya masa.

Ciyaman ɗin gareji, wanda yayan mamacin ne ciki ɗaya, ya karɓi alkawarin Kawu cewa zai kawo direban a ranar da suka sa. Kafin ranar ta zo Kawu ya kwanta, bai ƙara tashi ba. Ciyaman ya aiko da gaisuwa, ya haɗa da magana: za su jira a yi sadakar uku saboda darajar Baba, bayan nan ba shi da ikon riƙe yaransa.

Amsar tambayar Iya kuwa ni ne. Kuma ni matsoraci ne, unguwa duk ta sani. Na haura hamsin amma in aka yi ihu a titi ni ne farkon mai jan ƙofar shago. Yadda abin ya faɗo kaina ba zai fahimtu ba sai an san Muiska, wanda duk ya zauna da Kawu kuwa ya san su.

A ƙuruciyarsa Kawu ya yi aikin kuku a jirgin ruwan 'yan kasuwa daga Apapa. Zazzaɓi ya kayar da shi, aka sauke shi a wata tashar jiragen ruwa a Kolombiya, jirgi ya wuce ya bar shi. Da ya warke ya bi neman aiki har ya hau tsaunuka, ya faɗa wani gari da ake haƙo gishiri daga cikin dutse, garin da ya ce Jos ba ta san sanyi ba in aka gwada da shi. Wani tsoho mai aikin gishiri ya ba shi ɗaki. Tsohon nan jinin Muiska ne, mutanen da ke riƙe da wannan ƙasa kafin Turawa su zo, shi ya ba shi labarin sarakunansu. Kawu ya yi shekaru a can, har gida aka yi masa addu'ar mamaci, sai ga shi wata rana da akwati a ka.

Bayan la'asar yake ba da labarin, yana zaune a benci yana tsintar goro daga cikin ganye. Sai ya fasa ƙwaya ɗaya biyu, ya ajiye ɓari a gwiwar dama, ɓari a ta hagu.

"Wannan Zipa ne, sarkin kudu, yana zaune a Bakata. Wannan Zake ne, sarkin arewa, yana Hunza. Harshensu ɗaya, masararsu ɗaya, amma ba sa ga maciji da juna."

Ya ce arzikinsu gishiri ne, kamar mutanen Bilma. Sukan dafa ruwan gishiri a tukunyar ƙasa har ya daskare, su fasa tukunyar su fitar da shi curi guda, su kai wa mutanen gangare su karɓo zinariya da auduga. Ya ce ba a kallon fuskar sarkinsu, mai magana da shi baya yake juya masa, ɓarawon da ya ƙi jin horo kuwa hukuncinsa a tilasta masa ya dubi sarki ido cikin ido, daga ranar babu mai sake yi masa magana. Ya ce in za su yaƙi sukan goyo busassun gawarwakin jarumansu su shiga fage da su, don masu rai su ji kunyar gudu. Ranar da ya faɗi wannan ban iya wucewa ta soro ni kaɗai ba, alhali na yi wayo.

Akwai yaƙin da ya fi maimaitawa, wanda Zipa da Zake suka gwabza aka kashe su duka biyun a rana ɗaya. In ya kawo nan sai ya jefa ɓarin goron biyu a baki ya tauna.

"Mutanen Zipa suka ce su suka ci. To, sun ci. Uwayen waɗanda aka bari a fili ne kawai ba a tambaya ba."

Baƙi kuwa zinariya suke so su ji. Sai ya ba su labarin tafkin Gwatabita, wanda ya gani da idonsa, kore shar a tsakiyar duwatsu, inda ake shafe sabon sarki da ƙaro a barbaɗe shi da garin zinariya, a tura shi tsakiyar ruwa a kan gadon kara ya zubar da dukiya ya yi wanka. Suna ta salati suna tafa hannu, shi kuma ya taɓe baki.

"Kowa wankan yake tambaya. Ba mai tambayar ɗakin."

Ɗakin shi ne abin da ya fi tsaya masa a rai. Ya ce a wurin Muiska ɗan sarki ba ya gadon sarauta. Ɗan 'yar'uwar sarki ne magaji. Tun yana ƙarami ake ɗauke shi a kulle a wani ɗaki shekara da shekaru, ba ya ganin rana, ba ya cin nama, ba ya ɗanɗana gishiri, a ƙasar da gishiri ne abin alfaharinta. Sai ya gama wannan ake ba shi mutane.

In ya faɗi haka sai ya nuna ni da haɓa. "Ga magajina nan."

Zaure ya ɗauki dariya. Abin dariya ne kuwa a wurinmu, don a al'adarmu ɗan mace da ɗan namiji taubasai ne, ɗan mace kuma shi ne bawa a wasan. Babban ɗan Kawu, wanda sa'ana ne, ƙato mai faɗin ƙirji da ke aikin gadi a wata masana'anta a Ilupeju, tun muna yara bai taɓa kirana da wani suna ba sai bawa.

"Baba, wannan? Wanda ɗan akuya ya kora har cikin kwata?"

"Ubangidana," nakan ce, "akuyar ta fi ka hankali, ita ta san inda za ta tsaya."

"Baba, ba ka ce wani Zipa ya kafa doka duk wanda ya gudu a yaƙi a ɗaura masa zane ya yi aikin mata ba? To bawa, tun da kai tela ne, ɗinka naka tun da wuri."

Haka muka girma, har muka yi furfura. Duk mun ɗauka Kawu na ƙara wa wasan taubasai gishiri ne. Shi kuwa bai taɓa dariya a wurin ba, amma ba wanda ya lura, don dama ba mai yawan dariya ba ne.

Akwai wata ɗabi'a tasa da gidan kaɗai ya sani. Duk lokacin da aka sa mutum a ɗakin ƙarshe, Kawu kan daina cin gishiri sai ya kai shi ya dawo. Matarsa, Hajiya, ta ɗora masa 'yar tukunya daban. Maganar ta kai kunnen Liman, ya tare shi a ƙofar masallaci.

"Alhaji, azumin waɗanda ke bauta wa rana ka kwaso mana?"

"Allah gafarta Malam, ba ibada ba ce. Ban nemi lada ba. Baki nake hana wa daɗi don kada in manta akwai mutum a ɗaki."

"Ka yi azumin nafila mana."

"Shi da magariba ake shan ruwa, Malam. Mutumin da ke ɗaki ba ya shan ruwa da magariba."

Liman ya yi fushi, suka yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa su. Daga baya shi Liman ɗin ne ya fara aiko masa da zuma ya riƙa sa wa a koko.

Abin da ya sa mutanen gareji ke karɓar maganarsa kuwa, na gani da idona. Shekarun baya wani Bayarabe mai danfo ya buge yarinya a layinmu, ta karye a ƙafa. Ya rasa inda zai nufa, Iya mai burodi ta tura shi cikin zauren Kawu. Samarinmu suka zo da gorori, cikinsu har da babban ɗansa. Kawu ya fito riƙe da hannun mutumin kamar yadda yake riƙe namu.

"Ku matsa."

"Baba, ba namu ba ne fa!"

"Ya shigo ta ƙofata ko ta taga?"

Ya ratsa su ya kai shi gidan uban yarinyar. Wasu suka daina gaishe shi har aka yi Sallah. Bai taɓa tayar da maganar ba.

Ana gobe zai rasu, da azahar, ya sa aka kira Liman da tsoho mai goro da babban ɗansa da ni. Muryarsa ta yi ƙasa, sai mun sunkuya.

"Gida da abin da ke cikinsa na 'ya'yana ne da uwarsu. Allah ya riga ya raba, ba ni da ta cewa. Ko Muiska 'ya'ya suke bar wa dukiya. Ƙofa kuwa ta ɗan ƙanwata ce. Shi zai kai mutumin nan, shi zai kai na bayansa."

Taubashina ya yi dariya, ni ma na yi, don mun saba. Muka ɗago muka ga Liman bai yi ba. Nan na gane ba wasa Kawu yake ba.

"Baba," in ji taubashina, "ciwo ne ke magana. Ina raye za a tura bawa?"

"Kai jarumi ne," Kawu ya ce. "In aka tofa maka yawu za ka rama. Ni ba wanda zai rama nake nema ba. Wanda zai dawo da rai biyu nake nema."

Inna, mahaifiyata, tana tsakar gida, ta ji. Tsohuwa ce da ke dogara sanda, amma ta shigo ɗakin ba ta ko yi sallama ba.

"Yaya, ashe da gaske kake duk shekarun nan?"

"Na taɓa yi miki ƙarya?"

"Shi kaɗai gare ni. Ka je ƙarshen duniya ka kwaso al'adar da ba tamu ba, za ka ɗora wa yaron da ko yanka kaza ba ya iya kallo. Ko ka ɗauka ba na jin labaran naka ta taga? Na ji yadda ɗan 'yar'uwar ya ƙare. Ba kai ka ce Zipa na ƙarshe ya yi mafarki yana wanka ruwan ya koma jini ba? Ba kai ka ce wani sojan Turawa ya soke shi a jeji bai ma san sarki ya kashe ba? Kawun ya mutu a gadonsa, ɗan 'yar'uwa ya kwashe masifar!"

"Kawun ma kibiya ce ta kashe shi," Kawu ya ce a hankali.

"Ban yafe ba, Yaya. In wani abu ya same shi ban yafe maka ba."

Ta fita. Da safe ba ta shigo gaishe shi ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Da hantsi ya cika. A zaman makoki Inna ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi magana da kowa ba. Tana zaune a kusurwa tana kallon bango.

A kwanakin nan taubashina ya kawo dabara iri biyu. Ko a sa direban cikin motar shanu da za ta koma arewa, ko shi ya raka shi da samari ashirin a bayansa. Tsoho mai goro ya ce ta farko za ta ƙone unguwa bayan kwana biyu, ta biyu kuma a ranar. Ni kuwa abinci ya ƙi shiga. Na yi tunanin in shiga mota in tafi kasuwar Jankara kamar zan sayo zare, in ƙi dawowa sai an gama. Wallahi na yi wannan tunanin har na sa takalmi.

Hajiya ce ta gan ni a bakin soro, tana cikin takaba, ta kira ni ta bayan labule.

"Zo nan, ɗana. Kana tsammanin kawunka ba ya jin tsoro?"

"Hajiya, Kawu ai dutse ne."

"Dutse? Ni na san butar da nake cika masa. Duk ranar da zai fita da mutum, gudawa yake kwana yi. Babbar riga yake sawa ko ana zafi don kada a ga ƙafarsa na rawa. Ya taɓa ce mini shi ya san dalilin da ya sa aka hana kallon fuskar sarkin nan nasu. Ba girma ba ne, ya ce, don kada talakawa su ga abin da ke fuskar ne su watse." Sannan ta ce, "Ya ce kai ka daɗe a ɗakin, tun kana yaro tsoro ya kulle ka. Ba sai an sake kulle ka ba."

Na cire takalmin na koma tabarma.

Da aka shafa addu'ar uku aka raba waina, mutane ba su watse ba. Na shiga ɗakin ƙarshe. Direban na zaune a ƙasa da carbi, ya rame kamar wanda ya yi wata yana jinya.

"Malam, tashi mu je."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ne?"

"Ni ne."

Na ga abin da ya gani. Ya miƙo hannu.

A zaure taubashina ya tare ƙofa da faɗinsa, yana hana samari fita. Idonsa ya yi ja.

"Bawa," ya ce, "in ka bari aka taɓa ka, wa zan riƙa zagi?"

"Riƙe ƙofar dai, Ubangidana. Ko mutum ɗaya kada ya biyo mu."

Na san ƙa'idar Kawu, na sha ganinta daga nesa: ba sanda, ba waya, ba ɗan rakiya, yatsu a sarƙe cikin na mutumin, ido a ƙasa, kada ka yi sauri, kada ka tsaya. Layinmu shiru, ana leƙenmu ta tagogi. Da muka hau layin dogo na hango gareji. An jera danfo an tare hanya, mutane a tsaye har kan rufin motoci. Wani ya yi ihu da Yarbanci cewa ga su nan. Ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Na tsaya cak a tsakanin ƙarafan jirgi.

"Malam," direban ya ce ƙasa-ƙasa, "in ka tsaya mun mutu. Taka."

Shi ya ja ni taku na farko. Wanda zan kai shi ya ja ni.

Muka shiga cikinsu. Ba na ganin komai sai ƙafafu da silifa da bakin wani ƙarfen taya da ke jan ƙasa. An jefo ledar ruwa ta fashe a ƙirjina. Wani ya kaɗe hular direban, wani ya tofa mini yawu a kunne, yana gangarowa cikin wuyan rigata ban share ba, don hannun da ke sake ma ya ƙi motsi. Ina jin ana tambaya wane ne wannan, wani ya ce telan nan ne na bakin layi, aka yi wata irin dariya marar daɗi. Sai muryar Ciyaman ta fito daga gaba.

"Ku ba su hanya. Gidan Mama za su."

Gidan haya ne mai ɗakuna suna kallon juna, an kafa rumfa a gaba. Uwar mamacin na zaune a kan tabarma, 'yar ƙaramar tsohuwa, kanta ba ɗankwali, mata sun kewaye ta. Muka cire takalma muka durƙusa. Taron ya rufe bayanmu, har ina jin numfashinsu a ƙeyata.

A nan ne Kawu kan yi magana. Yarbanci a bakina yake tun ina yaro, na kuma shirya abin da zan ce tun daga gida. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Sai kuka. Tun da Kawu ya rasu ban zubar da hawaye ba saboda tsoro ya tare hanya, sai a nan, gaban mutanen da suka zo ganin jini, na fashe kamar yaro, hannuna cikin na direba.

Tsohuwar ta daɗe tana kallona.

"Kai ma naka ya mutu," ta ce da Yarbanci.

"E, Mama."

Ta juya ga direban. "Tambaye shi. Ɗana ya yi magana kafin ya tafi?"

Na fassara masa. Na so in ce masa ya ce salati ya yi, ko ya kira sunanta, duk abin da zai sanyaya. Ban samu dama ba.

"Gaya mata ban sani ba," ya ce. "Ban tsaya ba. Gudu na yi."

Na gaya mata yadda ya faɗa. Wata mata ta ƙwalla ƙara. Taron ya matso, gwiwar wani ta daki bayana, na ji ƙarfen nan ya bar ƙasa. Na runtse ido na ƙara damƙe hannun.

"Ku ɗaga ni," tsohuwar ta ce.

Aka ɗaga ta. Ta karɓi ɗankwali ta ɗaura, ta gyara zane, ta dubi babban ɗanta, Ciyaman, ta dubi na bayansa.

"Ba don su ba," ta ce. "Ɗana ya tafi da hannunsa fari. Ba za ku rataya masa gawar wani a wuya ba."

Ta shige gaba ba takalmi. Muka tashi muka bi ta. Haka ta ratsa gareji da mu, tana tafiya irin ta tsofaffi, ba ta waiwaya ko sau ɗaya ba, har ƙofar ofishin 'yan sanda. Nan ta tsaya, ta juya ta koma. Da ɗan sanda ya zo karɓar direban sai da aka ɓamɓare yatsunmu, sun ƙage.

Na dawo ta wata hanya. Ina shiga layinmu na ji ana ɗaga ƙofofin shaguna. Ban tsaya amsa kowa ba. Inna na zaune a dokin ƙofar ɗakin Kawu, sandarta a gefe. Ta shafa fuskata da kafaɗuna da hannuwana, kamar tana ƙirga ko an rage wani abu. Sannan ta juya ta fuskanci gadon da babu kowa a kai.

"Yaya," ta ce, "ya dawo. Na janye maganata. Kai ma ka yafe mini gaisuwar safen nan."

Sai a lokacin ta yi kukan ɗan'uwanta.

Allah ya jiƙan saurayin da ya rasa ransa a bakin aikinsa, ya sanyaya zuciyar uwarsa. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya kama hannunsa a ranar da kowa zai ratsa taro shi kaɗai.